Kara Fuɗu Cikin Kwalin Ashana

Landan, 22 ga Oktoba, 1961

Zuwa ga Kawu Ɗangiwa mai algaita, Kebbe.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Inna Atu da dukan mutanen gida. Yaya ƙafar nan taka? Yaya kaka, gero ya yi kyau bana? Ni lafiya lau nake, sai sanyi da kewar tuwo. Wata guda ke nan da gwamnatin Jihar Arewa ta kawo mu nan, mu malamai shida, mu yi shekara muna ƙaro ilmin koyarwa. Makarantar Tambuwal na bar ta hannun mataimakina. Na rubuta da ajami don ka karanta da kanka. Jumare mai fataucin shanu zai ɗauko maka ita daga gidan waya na Tambuwal.

Na san za ka yi mamakin ganin takardata, tun da ba mu haɗu ba tun ɗan abin da ya faru ranar bikin 'yancin kai. Amma jiya na ga abin da ba ni da wanda zan gaya wa sai kai.

An kai mu wani gidan ajiye kayan tarihi. A cikinsa akwai ɗaki guda na kayan kiɗa da bushe-bushe na kakannin Turawa, na shekara ɗari fuɗu zuwa ɗari shida da suka wuce, wasu na asali, wasu an kwaikwayo su daga tsofaffin zane. Na shiga ina tsammanin ganin baƙin abubuwa, sai na ji kamar na shiga kasuwar Jabo. Akwai wani mai kama da garaya, cikinsa kamar rabin ƙwarya, wuyansa ya lanƙwashe baya, an sassaƙa masa fure a tsakiya. Suna ce masa lut, kuma su da bakinsu sun yarda wajen Larabawa suka samo abin da sunansa. Akwai ɗan goge mai tsirkiya uku. Akwai tagwayen tambura ƙanana da ake ɗaurawa a ƙugu. Akwai dogon ƙaho na tagulla, miƙaƙƙe, wanda da a Sakkwato ka gan shi ba abin da za ka kira shi sai kakaki. Duka an ajiye su cikin gilashi da daraja, kowanne da takardar sunansa.

Can ƙurya na gan ta. Kawu, algaita ce. Su shom suke ce mata. Ta fi taka tsawo, ba a rufe ta da fata ba, ramukan samanta bakwai ne ba fuɗu ba, amma bakinta ya buɗe kamar naku, kuma tana da wurin jingina leɓe. Na tsaya gabanta har abokaina suka tafi suka bar ni.

Mai kula da ɗakin wani dattijo ne, tsohon malamin makaranta, siriri, hannunsa duk kanta saboda sassaƙa. Ya ce mini a da kowane babban gari nasu yana da mabusansa, gari ke ba su riga, su hau hasumiya su yi busa da safe, su tari manyan baƙi, su raka biki. Daga baya aka ƙero wata mai taushin murya ta cikin ɗaki, aka ce wannan ta cika ƙara, ta mutanen da ce. Sannu a hankali mabusan suka mutu ba su bar magada ba. Yau a duk wanda ya sani babu wanda ya taɓa jin yadda take magana a bakin masu ita.

Shi ya auna ta cikin gilashin, ya sassaƙa irinta ƙarama da hannunsa. Ya busa mini. Allah ya ba shi lada, amma agwagwa mai mura ta fi shi. Ɗan karan da ake sa wa a baki na kayan busar zamani ya aro, yana matse shi da leɓe. Ya kuma nuna mini wani tsohon zane na mabusa uku da kumatu a kumbure kamar an cusa musu lemu, ya ce yana zaton mai zanen ba'a yake musu. Na yi dariya har na ji kunya. Na ce masa na san wani mutum a ƙasarmu wanda kumatunsa suka fi waɗannan, yana busa daga ƙofar gari har fada bai yanke numfashi ba. Bai yarda ba sai da na rantse.

Roƙona shi ne ka aiko mini karan bakin algaita, ko uku ko fuɗu. Ina so mutanen nan su san abin da suka yar shekara ɗari uku yana nan da rai a Kebbe.

Ka gai da Inna Atu.

Naka,
Lauwali


Kebbe, 5 ga watan Rajab

Zuwa ga Malam Lauwali, Hedimasta.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ƙafa ta yi sauƙi. Gero ya yi, dawa ce tsuntsu yat taɓa. Atu tana amsawa.

Takardarka ta iso. Na karanta ta sau biyu, na biyun a hankali, ko idona ya tsallake wata kalma. Bai tsallake ba. Ka gaya ma Bature ka san wani mutum. To, wani mutum ya ji, shina godiya da anka san shi har Ingila.

Tun da ilmi kat tafi nema, ga kaɗan daga nan gida. Na'iya ubana da Zahara'u kakarka ciki ɗaya sunka fito. Kulu uwarka bayan uwata tay yi wayo. Kai kanka damina biyu kay yi gidan nan, kana bina kamar jela, kafin ubanka ya zo ya ɗauke ka, ya ce ɗan malami ba ya zama cikin mabusa. Ban ga laifinshi ba. Kowa da gidan da yat tashi.

Ka ce ɗan abin da ya faru. Bari in gaya maka girmanshi, don ni nis san nauyin da nid ɗauko zuwa gida. Ba wanda yak kira ni Tambuwal. Ji niy yi an ce ɗan Kulu ne zai tsaya wurin ɗaga tutar ƙasarmu. Nis sa ma algaita sabuwar fata, nit taso da ƙafa tun ana saura kwana biyu. Da tuta taf fara hawa nif fara taken Na'iya, don in kunnen matattu na ji, ya ji jikanshi ya zama mutum. Sai ga ka cikin farin kwat. Gaban hakimai, gaban Bature, kas sa tafin hannunka kar rufe bakin algaitata, kac ce, "Mai algaita, a koma bayan tsamiya, yara za su yi busa." Nik koma bayan tsamiya. Yaranka sun yi ƙoƙari da sarewarsu ta ƙarfe, na ji su sarai.

Tun ranar ban busa ba. Sallah biyu hakimi shina aikowa, ina cewa haƙori.

Na ga kana yabon gilashi. In shi kaka nema ma tawa, ba ta kai nan ba tukuna. Tana rataye cikin rumbu, mai ita bai mutu ba.

Kara kar roƙa. Ga fuɗu nan cikin kwalin ashana, na fadamar Fakku ne, na bana. Ba mu hana baƙo kara.

Ɗangiwa ɗan Na'iya


Landan, 14 ga Janairu, 1962

Zuwa ga Kawuna Ɗangiwa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gai da Inna Atu. Na yi murna da ƙafa ta yi sauƙi. Nan ƙanƙara ta sauka, fara fat, na yi mura na kwana biyar, na warke.

Takardarka ta ƙona ni, amma sai na ce a raina, ai ga kara ya aiko, fushin bai yi nisa ba. Na sa kwalin a aljihu na ruga wurin dattijon, har na gayyaci abokan karatuna biyu, ɗan Ghana da ɗan Malaya, su zo su ji abin mamaki. Muka jiƙa karan a kofin shayi. Muka naɗa zare a bututun har ya zauna daidai. Na nuna masa yadda ake sa kara duka cikin baki, a jingina leɓe, a bar shi ya yi rawa shi kaɗai. Ya hura, shiru. Muka sa na biyu, iska kawai. Na uku ya yi ɗan tsuwa kamar ɓera ya mutu. Na fuɗu ya tsage. Dattijon mutumin kirki ne, ya ce wataƙila sanyin hanya ne ya lalata su. Ɗan Ghana ya tambaye ni ko mutumin nan nawa ma haka yake busawa daga ƙofar gari har fada.

Ina cikin motar komawa masauki na buɗe kwalin na sake dubansu, sai na ga abin da ya kamata in gani tun farko. Farare ne tas. Kafin ranar nan ba wanda ya taɓa shiga bakin mutum. Ba jan zare a gindin ko ɗaya.

Kawu, na tuna. Na tuna kana zaune ƙarƙashin zogale da ƙwaryar ruwa, ka yanka goma sha biyu, ka matse, ka ɗaure. Kowanne sai ka ɗora shi a kan algaita ka busa. Goma ka jefa wa kaji, biyu ka naɗa musu jan zare. Na tuna ka ce mini ido ba ya sanin kara mai magana, sai baki, kuma kara ba ya fita gidan Na'iya zuwa hannun ɗan gida sai mai gida ya ji muryarsa. Farare kuwa su ne ake miƙa wa baƙon da ya matsa da roƙo a kasuwa, ya je ya gwada sa'arsa. Na ce kai wani mutum ne, ka ba ni abin da ake ba wani mutum. Ba ka zalunce ni ba.

Ba zan ɓoye bayan mahaifina ba. Shi ya ɗauke ni ina shekara tara, amma ina da shekara talatin da ɗaya ranar da na sa hannu a bakin algaitarka. Wata uku na yi ina koya wa yara busar sarewa, ina so Bature ya ga mun waye. Da na ji muryarka a filin nan zuciyata ta yi tsalle, sannan tsoro ya biyo baya, kada wani ya ce ga kawun hedimasta can da kumatu. Tsoron na bi. Na yi laifi, kuma na ƙara wani da na kira shi ɗan abu. Ka yafe mini.

Jiya na koma wurin dattijon na gaya masa gaskiya. Na ce mutumin nan kawuna ne, kakata ɗiyar mabusa ce, kuma abin da mutanensa suka yi wa mabusansu cikin shekara ɗari ni na yi wa nawa cikin minti ɗaya. Daga baya ya ce shi da abokansa masu son tsohon kiɗa za su yi taro a lambun gidan ranar ashirin da uku ga Yuni, yana fata shom ɗinsa ta yi magana kafin ranar.

Ban isa in sake roƙo ba. Na dai gaya maka.

Ɗanka,
Lauwali


Landan, 18 ga Maris, 1962

Kawu,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, barka da Sallah. Ina fata kun yi azumi lafiya. Mu nan mun yi shi cikin sanyi, yini gajere, ba mu sha wuya ba sai ta rashin kunu.

Wata biyu ke nan ban ji daga gare ka ba. Ni'imatu matata ta rubuto daga Tambuwal, ta ce mutanen Kebbe da suka zo kasuwa sun ce bana ma an yi Sallah ba algaita. Na fahimci amsarka, kuma ban ce ban cancance ta ba.

Abu ɗaya nake so ka sani. Ka tuna yadda ka fara koya mini numfashi, da kara cikin ƙwaryar ruwa, ka ce in kumfa ya tsaya kafin Inna Atu ta gama tankaɗe ba ni da rabon fura? Na sami tsinken shan lemu da kofi, kullum bayan sallar asuba ina yi. Makon farko ruwa ya yi ta shiga mini hanci. Yanzu ina tara iska a kumatu in ja ta hanci, kumfa bai tsaya ba, har minti uku a agogo. Matar da nake haya a gidanta tana zaton wani magani ne na ƙasarmu.

Ka bar zancen kara. Turawa sun yi shekara ɗari uku ba su ji ta ba, za su iya ƙara wasu. Amma Kebbe ba ta saba ba. Ina koya wa yara cewa mun sami ƙasarmu, ga shi ni ne na rufe bakin abu mafi tsufa da danginmu suka mallaka. Ko ba za ka sake kirana ɗanka ba, ka sauko da algaitar daga rumbu.

Lauwali


Kebbe, 12 ga watan Zulƙida

Zuwa ga Lauwali ɗan Kulu.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai zafi. Rijiyar gida ta ja baya, Atu tana zuwa ta bakin kasuwa. Tana gaishe ka, ta ce a gaya maka fura tana nan tana jiranka tun da kumfa ya kai minti uku.

Kai da saurin yanke ma mutum hukunci. Takardunka biyu rana ɗaya sunka iso. Jumare ya bi shanu Kurmi tun kafin azumi, ta farkon tana kwance cikin akwatinshi Tambuwal wata uku. Ba amsa nika ba ka da shiru ba. Ni ma nan zaune nike ina cewa yaron nan ya karɓi fararen kara bai ko gane ba, ashe boko ya cinye shi duka. Da nik karanta nig ga ka gane, sai da nit tashi niz zaga bayan ɗaki, don kada Atu ta ga hawayena.

Sauran karan da nis saro da kaka shina nan soke cikin rufin ɗaki. Washegari da hantsi niz zauna ƙarƙashin zogale, niy yanka goma sha biyu, nim matse, nid ɗaure. Sai niz zauna ina dubansu. Atu taz zo wucewa tac ce, "To, Malam, da kunne za ka gwada su ko da hanci?" Ka ga inda kas sa ni. Ba ni iya aika ma ɗan gida farin kara, ba ni kuma iya naɗa jan zare ga abin da ban ji muryarshi ba. Ubana bai taɓa yi ba.

Nis sa tsani nih hau rumbu. Fatar nan sabuwa da nis sa don ranarka duk ta bushe ta tsage. Zanzaro ya yi ɗaki cikin bakinta, har hawa biyu. Nik kakkaɓe, nish shafa mata man shanu, niw wanke bututun da tsamiya. Niy yi niyyar in hura kaɗan kaɗan cikin ɗaki yadda ba mai ji. Kai ma ka san algaita ba ta san kaɗan ba.

Na farko da na biyu bebaye ne. Na uku ya yi magana. Lauwali, shekara ɗaya da rabi. Leɓena ya yi rawa, kumatu sun yi ciwo kamar na sabon yaro, amma yatsu ba su manta komai ba. Ban san sadda nif fito tsakar gida ba. Atu tas saki taɓarya tar rangaɗa guɗa. Kafin in kai na bakwai ƙofar gida ta cika, masu awo sun bar kwanukansu. Ɗanmaliki mahauci yaz zo da wuƙa a hannu shina tambaya wa anka naɗa. Hakimi ya aiko a ji ko haƙorin ya warke. Nic ce ya warke, likitan Ingila ne yay yi magani.

Cikin goma sha biyu, biyu sunka tsira. Ga su nan da jan zarensu. Ka jiƙa su da ruwan sanyi, ba na shayi ba, gwargwadon karanta Fatiha bakwai. Kada Bature ya matse su da leɓe, ba a riƙe ma kara wuya. Kuma kada ya fara busawa. Kara na gidan Na'iya ne, bakin ɗan gida zai fara shiga, kuma abin da zai fara faɗi taken Na'iya ne. In ka manta shi, ka tuna yadda kakarka taka kiran awaki da marece, daga nan ubana yad ɗauko shi.

Zancen yafewa, tun kan tsani nig gama da shi.

Kawunka,
Ɗangiwa


Landan, 24 ga Yuni, 1962

Zuwa ga Kawuna Ɗangiwa ɗan Na'iya.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Inna Atu. Ina fata ruwa ya sauka, an yi shuka. Ni lafiya, jarrabawa ta wuce, kumatuna ne kawai ke ciwo, kuma ciwon da nake alfahari da shi ne.

Kara sun iso tun watan jiya. Na gaya wa dattijon sharaɗinka, ya cire hularsa ya miƙo mini shom ɗin da hannu biyu. Mako biyar ina zuwa wani fili bayan gari ina gwadawa, don ranar farko da na busa a ɗakinsa sai da masu gadi biyu suka shigo a guje. Shi kuwa ya toshe kunne yana dariya, yana cewa yanzu ya gane dalilin da ya sa ake hawa hasumiya da ita. Ramuka bakwai sun ba ni wuya. Na toshe uku na ƙasa da kakin zuma, na bar fuɗu irin na gida.

Jiya da la'asar aka yi taron. Mutum kamar ɗari a kan ciyawa. Suka kaɗa lut, muryarta siririya mai daɗi kamar ana zuba ruwa a tulu. Suka goga ɗan gogen nan, wata mata ta buga tagwayen tambura. Sannan dattijon ya ɗaga tsohon zanen mabusa uku ya nuna wa jama'a, ya ce shekara ashirin yana koya wa mutane cewa mai zanen ba'a yake yi, yau ga wanda zai nuna kuskurensa. Ya gabatar da ni da cewa ni shugaban makaranta ne daga Nijeriya.

Na sa babbar rigata, ba kwat ba. Na ce musu da Turanci, a hankali don kowa ya ji: "Gaskiya ne ni malami ne. Amma ba makaranta ta kawo ni gabanku ba. Ni jikan Zahara'u ne 'yar'uwar Na'iya, mabushin Kebbe. Wannan kara kawuna Ɗangiwa ya yanke shi a fadamar Fakku, kuma shi ya fara jin muryarsa."

Sai na busa taken Na'iya. Kawu, itacen Ingila ne, hannun Bature ya sassaƙa, amma da ta buɗe baki muryar gidanmu ce ta fito. Tantabaru suka tashi daga rufin. Mutanen da ke wucewa a titi suka tsaya jikin shinge. Ba zan yi maka ƙarya ba, numfashina ya yanke sau biyu, kuma wurin hawan nan na ƙarshe na kauce. Da kana nan da ka hana ni fura. Amma sau uku na zagaya taken, na uku ban yanke ba, ina ganin mutane suna duban zanen suna duban fuskata. Ɗan Ghana ne ya fi kowa tafi.

Bayan an watse dattijon ya roƙe ni abu guda. Yana so in bar masa kara na biyu ya sa cikin gilashi kusa da tsohuwar shom, da takarda mai sunanka da na Kebbe. Na ce ba nawa ba ne, sai na tambaye ka.

Ni ma ina da roƙo. Jirginmu zai taso farkon Satumba. Ran ɗaya ga Oktoba za a ɗaga tuta a filin makarantar Tambuwal. Ina so ka zo, a mota ba da ƙafa ba, ka tsaya gindin tutar. Yara za su yi shiru har ka gama. Bayan nan ina so su zauna ka nuna musu yadda ake yanka kara, ni kuma in ba su labarin ɗakin gilashi, don su san inda abu ke ƙarewa in masu shi sun ji kunyarsa.

Ɗanka,
Lauwali


Kebbe, 20 ga watan Safar

Lauwali ɗana,

Wa alaikumus salam. Ruwa ya zauna, gero ya kai gwiwa. Atu ta sa na karanta mata takardarka sau uku, yanzu duk matan unguwa sun san tantabarun Ingila sun tashi.

Wurin hawan nan da kak kauce, yatsan tsakiya ne kaka ɗagawa da wuri. Tun kana yaro haka kaka yi. Za mu gyara.

Ka gai da dattijon, ka ce mabushin Kebbe shina gai da mabushin Landan. Ka bar mishi karan, amma ba don gilashi ba. Kara wata uku gare shi in ana busa shi, in ba a busa shi kuwa tun ranar ya mutu. Ya sa shi a baki, ya kumbura kumatu kamar kakanninshi na cikin zane, ya busa har ya tsage. In ya tsage ya aiko. Fadamar Fakku ba ta ƙare ba, ni ma ban ƙare ba. In dole sai ya rubuta wani abu ya sa cikin gilashin, ya rubuta cewa 'yar'uwar shom ɗin tana Kebbe, tana lafiya.

Tambuwal kuma zan zo. Amma ba ni tsayawa gindin tuta ni kaɗai yara su ce ga tsoho hedimasta ya ji tausayi. Algaitar Na'iya tana nan, ta ubana, wadda ba a taɓa ba tun rasuwarshi. Na kai ta wurin baduku jiya. Ni da tawa, kai da tashi, gaban hakimai, gaban ɗalibanka, gaban dangin ubanka. Ka sa kwat ko ka sa riga, wannan ruwanka. Kumatun dai nika so kowa ya gani.

Allah ya kawo ka lafiya.

Kawunka, mutumin nan da kas sani,
Ɗangiwa ɗan Na'iya